Likita a Bayan Shagon Katifa

Ni katifa nake sayarwa, kuma a sana'armu akwai iyaka. In mai saye ya zo, ka bar shi ya danna da hannu, ya zauna a gefe, in mai jiki ne ya gwada ta da nauyinsa. Amma ba za ka ce ya miƙe ya yi barci ya ƙoshi, sannan ka tambaye shi ko zai saya ba. Masu haɗa tallan fim ba su san wannan iyakar ba. Su nuna maka wanda ya yi satar, su nuna inda aka kama shi, su nuna uwarsa tana kuka a kotu, sannan wata ƙatuwar murya ta ce kada ka bari a ba ka labari. To wane labari ya rage? Da can haushinsu nake ji irin na ɗan kallo kawai. Tun abin da ya sami abokina kuwa, ko a waya tallan ya taso sai in kife ta.

Tare muka taso da abokin nawa, layi ɗaya, aji ɗaya. Ni na gaji shagon mahaifina, shi ya faɗa wasan kwaikwayo. Ya daɗe yana fitowa a direba ko maigadi, irin wanda ke buɗe ƙofa ya koma gefe, kafin Allah ya haɗa shi da wani shiri mai dogon zango da ake haskawa duk mako, labarin wani asibiti. A ciki shi ne likita mai haƙuri, mai tabarau da farar riga, wanda ba ya ɗaga wa kowa murya. Aka yi shekaru ana shirin har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba sai Likita. Tsofaffi kan tare shi a hanya su nuna masa kumburin ƙafa, shi da ko allura aka zaro sai ya kawar da kai.

Matarsa, Maman Biyu, tana da shagon gyaran gashi a bakin babban titi. Mace ce mai fara'a, amma ba ta son kwana-kwana. Ita ta riƙe gidan lokacin da yake maigadin fim, ba ta kuma taɓa yi masa gori ba. Abu ɗaya ta tsana a rayuwarta, ta ji labarin gidanta a bakin wani. Sana'arta ce ta koya mata haka. Ta ga mata da yawa sun ji abin da mazajensu ke ciki a kan kujerar shagonta, a gaban mutane, kai rabi a tsefe, ba damar tashi.

Ana nan sai masu shirin suka yanke shawarar kashe Likita. Ba laifi ya yi musu ba. Sun ga masu kallo sun fara hamma ne, suna neman abin da zai girgiza mutane a ƙarshen zango. Aka ɗauki mutuwar a ɓoye, mutum kaɗan a ɗakin, kowa an karɓe wayarsa. Yadda aikinsu yake kuma, abin da aka ɗauka yau sai bayan watanni ake haska shi. Darakta ya kira shi ofis ya sa ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Musamman ma matarsa, in ji daraktan, don faɗa wa mai shagon gyaran gashi daidai yake da kai sanarwa gidan rediyo. Ya ce ya ci gaba da fita da safe yadda ya saba, don in maƙwabta suka ga ya zauna a gida za su gane an cire shi. Ya kuma lasa masa zuma a baki, wai akwai sabon shiri a gaba, in ya riƙe amana ba za a manta da shi ba.

Duk wannan daga baya na ji shi dalla-dalla. Abin da na gani a lokacin shi ne, wata safiya ina fito da katifu bakin shago sai ga shi ya ja hula har gira, da jakar da yake zuwa wurin ɗaukar fim da ita. Bayan mun gaisa ya tambaya ko zai iya ɗan zama a sito. Na ɗauka wani yake gudu, na buɗe masa. Bai fito ba sai da rana ta yi sanyi. Washegari ya dawo, haka ma kashegarinta.

Ya kamata ku san sito ɗin nan. Ɗaki ne dogo marar faɗi a bayan shago, katifu jibge hagu da dama har kusan rufi, kowace cikin ledarta, da siririyar hanya a tsakiya wadda mutum biyu ba sa gifta juna. Taga ɗaya ce can sama, ita ma bangon maƙwabci take kallo. Warin sabon soso da leda ni ya daina damuna, amma baƙo ba ya jimawa kansa ya fara sarawa. Akwai fanka, sai dai zafin da ta tarar shi take juyawa. A nan mutumin da gari ya sani ya riƙa wuni, a kan wata katifa da ta yage a kusurwa ta ƙi sayuwa. In ya motsa leda ta yi ƙara, saboda haka in akwai mai saye a gaba ko juyi ba ya yi. In mai sayen ya ce sai ya ga kayan ciki, sai in yi tari, shi kuma ya matse kansa a bayan tarin manyan katifu, ya tsaya kamar tsintsiya har a gama ciniki.

Na tambaye shi abin da ya hana ya nemi wuri mai iska. Ya ce ina? Ya gwada gidan abinci, kafin a kawo masa ruwa an ɗauki hotonsa. Ya gwada zama cikin mota a wata unguwa mai nisa, wani dattijo ya ƙwanƙwasa gilashi yana so a duba masa sakamakon gwajin jini. Fuskar da ya yi shekaru yana roƙon Allah a san ta, ita ce yanzu ta hana shi sakat.

Ba sai an yi wa mutum duba ba kafin ya gane. Wata rana na kai masa ruwan sanyi na tsaya a kansa.

"An cire ka daga shirin ne?"

"Na rantse," in ji shi. "Kada ka sa ni magana."

Na ce to ai ya gama magana. Na gaya masa gaskiya, ni ban san rantsuwar da za ta sa mutum ya riƙa yi wa matarsa ƙarya safe da yamma ba. Ya karɓi ruwan ya sha abinsa. Tun muna yara haka yake, in aka ce kada ya faɗa, ko zane shi za a yi ba zai faɗa ba, hali ne da ke burge ka daga nesa, ya ba ka haushi in ka zo kusa. Kuma ba rantsuwar kaɗai ba ce. Akwai tsoro, don mutum ya kai shekarunsa bai iya komai ba sai tsayawa gaban kyamara, in darakta ya juya masa baya ina zai nufa? Akwai kuma ɗan alfahari, wanda ba zai yarda yana da shi ba. Ba tare da ya ce ga abin da aka ɗauka ba, ya gaya mini fitowarsa ta ƙarshe ita ce mafi kyawun aikin da ya taɓa yi, har mai riƙe fitila sai da ya share hawaye. Yana so ranar da za a haska gari ya yi tsit. A ganinsa shi ke gadin wannan tsit ɗin.

Da yamma sai ya karkaɗe rigarsa, ya ɗauki jaka ya tafi gida. Maman Biyu ta tambaye shi ya aiki, ya ce alhamdulillahi. Ta tambayi abin da ya faru yau, don ta saba yana ba ta labarin wurin aiki, wa ya manta kalamansa, wa ya yi faɗa da darakta. Da labarin ya ƙare masa sai ya koma kwasar na masu sayen katifata. Matar da ta zo ta yi mini ciniki har na kusa kuka ta koma wata sabuwar 'yar wasa mai taurin kai. Ni kaina, na ji daga baya, na fito a wani mai kyamara mai yawan mita. Ranar da ake haska shirin kuwa sai su zauna a falo da 'yan biyunsu, yaran na tsalle ga Baba ga Baba, shi yana kallon mutumin da ya san an riga an rufe wa fuska. Ya ce mini duk mako a ranar abinci ba ya wuce masa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mai yi wa 'yan wasan kwalliya ta je shagon Maman Biyu wankin kai, tana cikin hira ta ce a gaida Likita, kwana biyu ba su haɗu ba. Sai ta ankara, ta kama kame-kame, wai tana nufin ita ce ba ta zuwa. Maman Biyu ta ce zai ji, ta ci gaba da zuba mata ruwa.

Washegari da hantsi ina zaune ina karkaɗe ƙura sai ga ta a bakin shagona. Tsakaninta da mijinta katako ne kawai mai kaurin yatsa, ƙofar sito. Na yi tari har sau biyu, tarin da ni kaina na ji kunyarsa. Muka gaisa, ta tambayi iyali, na tambayi 'yan biyu. Na ba ta kujera ta ce a'a, ta zauna a gefen wata katifa da ke shimfiɗe don gwaji, jakarta a kan cinya. Ta ce ta san ba ni da abokin da ya wuce Baban Biyu, shi ma haka. Ta ce ta san ba wurin aiki yake zuwa ba. Na buɗe baki, ban ma san abin da zan ce ba, ta ɗaga mini hannu.

"Ba tambayarka na zo yi ba, Mai Katifa. In ma ka sani, ka riƙe abinka, ba na so in ji daga gare ka. Saƙo zan ba ka."

Na ce ina ji.

"Ka ce masa ko mene ne, zan iya ɗauka. Ciwo ne, kora ce, wata ce ya gani, duk zan iya. Abin da ba zan iya ba shi ne in ji a waje. Daga bakinsa nake so in ji, kafin kowa. Iyakar abin da na roƙa ke nan a zaman da muka yi."

Ba ta ɗaga murya ba, amma ba ta kuma sassauta ta ba, yadda in akwai mai kunne a bayan katako zai ji. A ciki ko motsin leda babu. Da ta tashi ta dubi ƙofar siton, kallo ɗaya, ta gyara mayafinta ta fita. Har yau ban san ko ta san yana ciki ba. In ta sani, to mutunci ta yi masa da ba ta tura ƙofar ba, don tarar da shi a kwance a can daidai yake da ji a waje.

Na shiga na same shi a tsaye bayan katifu, gumi ya jiƙe masa riga. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni. Na ce ya bi ta yanzu, ba ta kai bakin titi ba. Maimakon haka sai ya zaro waya ya kira darakta. Ina jinsa yana roƙo kamar ɗan makaranta mai neman izinin fita, wai mutum ɗaya ce, wai ya san matarsa, ba za ta faɗa ba. Darakta ya ce kowa haka yake cewa game da matarsa. Ya tuna masa watannin da aka yi ana tattalin abin, da mutanen da aikinsu ya rataya a kai, ya ce saura ƙiris, kada ya zubar da komai a bakin ƙofa. Da roƙon ya yi yawa sai ya yi masa rangwame: ranar da za a haska kashin ƙarshe, da safe, ya faɗa mata. Kafin ta gaya wa wani dare ya yi.

Da wannan ya koma gida. Ya ce mata akwai magana, ba ciwo ba ne, ba kuma wata ba ce, amma an ɗaure masa baki zuwa rana kaza. Ya yi mata alkawari a ranar ita za ta fara ji, daga bakinsa, kafin duk wani mahaluki. Ta ce ta ba shi zuwa ranar. Daga ranar ba ta sake tambayarsa ya aiki ba, shi ma ya huta da ƙirƙiro labari. Sai dai gidan ya yi shiru. Kullum ta ga ya ɗauki jaka ya fita, ta san ba inda za shi, ta ce a dawo lafiya. Ya ce mini wannan a dawo lafiyar ta fi zagi ciwo.

Yanzu ya zama yana da alkawari biyu, ɗaya a hannun darakta ɗaya a hannun matarsa, kuma rana ɗaya ce za ta sauke masa duka. Sai ya koma ƙirga kwana. Ɗan wasa dai ɗan wasa ne, ya mayar da sitona wurin atisaye. Ya jingine wata katifa a bango ta zama Maman Biyu, ya tsaya gabanta yana gwada yadda zai fara. Wani lokaci ya fara da ranar da aka kira shi ofis, wani lokaci ya fara da ban haƙuri. Ya tambaye ni ko ya durƙusa, na ce in ya durƙusa za ta ɗauka fim ne. Ya shirya zai kai yara gidan ƙanwarsa, ya hana ta buɗe shago da safen, su zauna su biyu. Zai gaya mata har da siton, har da tsayuwa bayan katifu, har da tsoron da yake ji na cewa in babu Likita shi ba kowa ba ne. Wannan ta ƙarshen ya fi maimaitawa, don ita ta fi yi masa wuyar fita. A makonnin nan na ga ya fara cin abinci.

Saura kamar mako guda a haska, da rana tsaka, maƙwabcina mai sayar da labule ya leƙo da waya a hannu yana dariya, ya ce ashe an kashe mini aboki ban faɗa ba. Na karɓi wayar. Tallan ƙarshen zango ne, an sake shi ɗazu.

Ba abin da suka rage. Ga Likita yana tari a cikin hankici, ya duba ya ga jini, ya ɓoye a aljihu. Ga shi ya yanke jiki ya faɗi a barandar asibiti, takardu sun watse. Ga ma'aikatan jinya suna gudu da gado. Ga shi kwance da robar iska a hanci, ya kama hannun ƙaramar likitar da ya rena yana yi mata wasiyya, kalma bayan kalma, duk abin da ya sa mai fitila kuka, sai dai sun ɗora masa ganguna a kai. Ga na'urar bugun zuciya ta ja layi. Ga hannu ya jawo farin ƙyalle ya rufe masa fuska. Har kujerarsa suka nuna babu kowa, tabarau a kan tebur. Bayan duk wannan ne ƙatuwar muryar ta tambaya, wai shin Likita zai rayu? Wallahi da mai muryar yana kusa da na jefe shi da wayar, ko da yake ba tawa ba ce.

Na shiga sito na miƙa masa. Ya kalla har ƙarshe a tsaye. Bai yi zagi ba, bai yi salati ba, sai ya mayar da shi farko, kamar zai tarar an canza. Sannan ya kira darakta. Shi kuma ko a jikinsa. Ya ce ba aikinsa ba ne, masu talla ne da gidan talabijin, sun ga in mutane suka san za a yi mutuwa sun fi zama su kalla. Ya ce shi ma bai so ba, amma ya za a yi. Har da cewa ai faɗuwa ta zo daidai da zama, yanzu ya huta, ya faɗa wa duk wanda ya ga dama.

Abokina ya kira Maman Biyu, wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na ce ƙila hannunta na cikin gashi, ƙila ba ta gani ba tukuna. Ni ma na san ƙarya nake yi, shagon da kowace mace ke zaune da waya a hannu. Amma ya kama maganar kamar igiya. Na rufe shago, muka shiga motar da nake kai katifa da ita, muka nufi shagonta.

Tafiyar ba ta da nisa, amma ranar titi ya cushe. Ya manta hularsa a sito. A wurin fitilar hanya wani mai babur ya leƙo ya gane shi, ya yi ihu ga gawa ta tashi. Kafin ka ce me an kewaye motar. Masu dariya suna Allah ya jiƙan Likita, masu ɗaga waya suna so a yi hoton ƙarshe da mamaci. Ya buɗe ƙofa ya sauka wai zai ƙarasa da ƙafa, abin ya fi muni. Wata dattijuwa ta riƙe masa hannun riga tana kuka na gaske, tana tambaya me ya sa bai sha magani ba shi da yake ba wasu. Ba ya iya fizge hannu daga tsohuwa a gaban kyamarori, dole ya tsaya ya yi mata murmushin Likita, ya lallashe ta. Na ajiye motar a gefe na kutsa na jawo shi. Muna tafe ana bin mu, yana cewa a yi haƙuri, a ba shi hanya, ba mai ji.

Shagon a cike yake. Mata a kan kujeru, wasu a benci suna jiran layi, ɗaya kanta cikin na'urar busar da gashi. Muna shiga aka yi tsit, sai ƙarar na'urar, sannan aka kwashe da shewa. A kan teburin madubi akwai waya a jingine da kwalbar man gashi, tallan na ta maimaita kansa. Maman Biyu na tsaye bayan wata mata tana yi mata kitso, tsinken tsaga a bakinta. Ta ɗago ta gan shi a madubi. Ta cire tsinken ta yi murmushi, faffaɗan murmushi irin na tarbar baƙi.

"Ga mamacin da kansa," in ji ta. "Likita, sannu da zuwa."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira shi da sunan nan ba. Matan suka hau shi da tambaya, wannan na cewa ashe haka zai yi musu, waccan na cewa ita ta daina kallo. Yana tsaye a tsakiyar shago, duk abin da ya haddace a gaban katifa yana bakinsa, ba inda zai ajiye shi. Matar da ake yi wa kitson, wata mai kaifin baki, ta karkato kai ta ce ita fa Anti ce ta ba ta mamaki, a ce mutum na kwana da irin wannan labari bai taɓa ɗiga musu ko kaɗan ba. Ko dai ita ma yau ta gani kamar kowa?

"Haba dai," in ji Maman Biyu, ta mayar mata da kai daidai. "Ai na gaya muku. Ranar da aka ɗauka, ko takalmi bai cire ba ya faɗa mini. Ni ya fara gaya wa. Ko ba haka ba, Likita?"

Duk shagon ya juyo gare shi. Ni ina kallon hannunta, ta ja kitson da ƙarfin da sai da matar ta runtse ido. In ya ce a'a ya tsiraita ta a gaban mutanen da gobe za su kai labarin ko'ina.

"Haka ne," in ji shi.

Aka yi ta yaba mata, wai mace mai zurfin ciki ke nan, wai da duk mata haka suke. Ta karɓa da dariya. Ta ce wa matar ta ba ta minti ɗaya ta raka maigida, ta goge hannu da tawul ta biyo mu bakin ƙofa. A waje ma akwai masu jira da wayoyi a ɗage, saboda haka murmushin bai bar fuskarta ba. Ya sunkuyo ya ce mata ƙasa-ƙasa ba haka ya shirya ba, wallahi ba haka ya shirya ba, in sun koma gida zai gaya mata komai daga farko.

"Me ya rage?" in ji ta, tana gyara masa wuyan riga don masu hoto. "Mutuwar na gan ta tare da kowa. Sauran kuma na riga na ce na sani, kai ma ka shaida. Ban taɓa yi wa matan nan ƙarya a kan gidana ba sai yau. Ka je, ina da kitso a hannu."

Ta koma ciki ta ɗauki tsinkenta. Muna jin matar tana cewa Anti a ɗan sassauta, ta ce yi haƙuri, ta ci gaba da kitso.